Yadda Na Sayar da Maniyyata a Gonakin Riɗi

Kafin in zama abin da na zama, ni ma yaro ne kamar ku. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, shi ya sa na bar shi. An haife ni a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga na Jazira, tsakanin Madani da Sinnar. Mahaifina a bayan uwarsa ya zo ƙasar nan daga wajen Sakkwato, a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya neman na gaba, har tsayuwar ta zama zama.

Baba ba shi da hawasha, gonar da hukuma ke ba manomi, sai dai yana noma ta wani Balarabe su raba amfanin. Inna kuwa tana soya gyaɗa tana dama fura, mata su kai kasuwa. Ba mu da arziki, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Na yi karatun allo har na yi nisa, kuma Allah Ya ba ni baki. In na yi Larabci, Larabawa sukan ɗauka ɗansu ne. In na juya Hausa, tsofaffi sukan ce kamar jiya na baro Sakkwato. Baba yana alfahari da wannan. Yakan ce wata rana ni zan riƙa tsaya wa mutanenmu a gaban hukuma.

Abin ya fara ne da ƙasa, 'yar kaɗan. Lokacin cirar auduga kowa yakan shiga gona da kwandonsa, da yamma a kai ma'auni. Na ga wasu samari suna zuba ɗanyar laka a ƙasan kwando su rufe da auduga don ya yi nauyi. Na gwada, ba a gane ba. Na sake, ba a gane ba. Ranar da Baba ya ɗaga kwandona ya ji nauyin ya wuce kima, sai ya kife shi a gaban mutane.

"Mi ne na wanga?" ya tambaye ni.

Na ce kowa ma haka yake yi.

Ya ce, "Ni ban haifi kowa ba, kai na haifa."

Ya zane ni da karan auduga a wurin. Na yi kuka, amma ba kukan nadama ba ne. Haushi na ji da ya tona ni a gaban sa'o'ina. Abin da na koya a ranar shi ne in riƙa ɓoye wa Baba.

Daga nan na shiga ɗibar audugar mutane. Da tsakar rana, in zafi ya yi zafi kowa ya nemi inuwa, sai in bi bayan tur'a in cika buhu daga tulin da masu gona suka tara. A dokar wancan lokaci duk audugar Jazira ta hukuma ce, manomi ba shi da ikon sayar wa kowa. Amma akwai wani attajiri a bakin kasuwa, Haj Siddik, mai sayar da sukari da atamfa a gaban kanti, yana sayen auduga a baya. Shi ya zama ubangidana.

Wata rana aka lura tulin wani maƙwabcinmu yana raguwa. Aka ɗora wa wani baƙo ɗan ci-rani da ya zo cira daga yamma, mutumin da ko Larabci bai iya ba. Aka ɗaure shi a jikin bagaruwa aka yi ta bugu. Yana rantsuwa da wani yare da ba mai ji. Ni ina tsaye cikin 'yan kallo, audugar tana bayan kantin Haj Siddik. Har ƙasa na ɗiba na watsa masa don kada a ga na yi shiru. An kore shi daga garin da karyayyen hannu, ba a ba shi ko ladan aikinsa ba. Na ci abinci a ranar kamar kullum. Wannan ya kamata ya tsorata ni, amma sai na ɗauka jarumta ce.

Na taɓa tambayar Haj Siddik ina audugar take zuwa, tunda ba shi da injin gurza. Ya yi dariya ya ce, "Ya walad, kai yaro, auduga ba ta da baki. Akwai mutanena a wurin gurza. In ta shiga dila, ta sata da ta gumi duk fari ne. Jirgin ƙasa ya kai ta Bur Sudan, jirgin ruwa ya kai ta ƙasar Turawa, su saƙa, su maido mini atamfa in sayar wa uwarka. Wa zai tambayi hannun da ya ciro ta?"

Maganar ta zauna mini. Na ga ashe duniya ma haka take tafiya, ni ne kawai Baba yake so in zama wawa.

Bayan Turawa sun tafi, aka fara gina madatsar ruwa a Rusairis, Damazin ta fara zama gari. Attajirai suka ruga kudu suna karɓar daji suna nome shi da tarakta. Haj Siddik ya sami nasa yankin, can cikin daji, inda in ka tsaya ba ka hango komai sai baƙar ƙasa da sama. Ya shuka riɗi, domin a lokacin masu saye daga ƙasashen waje suna nemansa ido rufe. To amma riɗi ba ya yarda da inji. Tarakta za ta yi huɗa ta yi shuka, yanka kuwa sai da lauje, kuma in ya nuna ba ya jira. Ka yi jinkiri kaɗan, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa. Ana bukatar hannaye da yawa a lokaci guda, ma'aikata kuma sun san haka, suna tsuga farashi.

Ya kira ni ya ce, "Wannan harshen naka, ɓata shi kake yi a kan buhun auduga. Mutanenku suna nan cike da tasha, ba su da takarda, ba su da na abinci, suna tsoron bolis. Kawo mini su."

Gaskiya ya faɗa. A shekarun nan hukuma ta tsananta wa masu zuwa Hajji ta ƙasa, amma mutane ba su daina zuwa ba. Sukan shigo ta ɓarauniyar hanya, a bayan lori ko a ƙasa, su iso Kosti ko Sinnar a galabaice. Na sayi farar jallabiya da rawani da carbi mai tsawo. Nakan shiga tasha in tsaya kusa da su in yi sallama da Hausa. Ba ku san yadda fuskar mutum take canzawa ba in ya yi watanni bai ji harshen uwarsa daga bakin ɗan gari ba. Wasu har kuka suke yi. Sai in saya musu shayi, in tambayi garinsu, in ce ai kakana ma daga can kusa yake. Daga nan in ce akwai wani bawan Allah mai taimakon maniyyata. A yi masa aikin gona na ɗan lokaci, ya biya, ya yi musu takarda, ya sa motarsa ta kai su bakin teku.

Ba wanda ya taɓa ce mini a'a.

Nakan loda su a lori mu nausa kudu, mu wuce Damazin, mu bar hanya mu shiga daji. Kambon, wato sansanin ma'aikatan, 'yan bukkokin ciyawa ne a fili. Babu rijiya, babu ƙorama. Ruwa sai wanda tankar Haj Siddik ta kawo, kuma makullin famfon yana wuyana. Ba ma bukatar shinge. Wanda ya gudu, ƙishirwa za ta kama mana shi. Abinci garin dawa ne da busasshiyar kuɓewa. In an gama yanka, an kaɗe riɗin an ɗinke buhuna, sai in kwashe su in sauke a bakin hanya in ce su jira motar teku. Ni kuma in wuce in raɗa wa bolis, wato 'yan sanda, cewa ga baƙi marasa takarda. A zo a tattara su a mai da su iyaka. Ba lada, ba Makka. Haka muka yi kaka bayan kaka.

A ƙauyenmu an ɗauka dillancin hatsi nake yi. Na gina wa Baba ɗaki na jan bulo, ya ƙi shiga. Ya ce shi bai ga hatsin ba, bai ga gumin ba. Inna ce kawai take karɓar abin da na kawo, ita ma tana kallona a kaikaice.

A cikin duk waɗanda na ɗauka, mutum guda ne na yi kuskuren sakin baki da shi. Malam Garba, wani dattijo mai saƙa, siriri, mai sanyin magana, tare da matarsa Hajara. Na same su a tashar Sinnar suna zaune a kan ƙullin kayansu. Da na yi masa ƙaryata ta kullum na tambayi garinsu, sai ya ambaci ainihin ƙauyen da kakata ta fito, wanda na sha ji a bakin Baba. Abin ya ba ni mamaki har na manta da kaina. Na faɗa masa sunan Baba na gaskiya, da na kakata, da sunan ƙauyenmu na bakin tur'a. Ya rungume ni.

Ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Allah ba Ya barin bawanSa. Ga ɗan uwa Ya aiko muna." Ya juyo gare ni ya ce, "Ƙanena, in mun isa Ɗakin Allah, da sunanka zan fara."

A cikin lori ya yi ta ba ni labarin yadda ya sayar da masaƙarsa da 'yar gonarsa. 'Ya'yansu duk sun rasu suna ƙanana, ba abin da ya rage musu a duniya sai wannan tafiya. Ina sauraro ina gyaɗa kai, a zuciyata ina auna ko ƙarfinsa zai kai ƙarshen kaka.

Shekarar nan riɗi ya yi kyau fiye da kullum, zazzaɓi kuma ya shiga kambo. Mutane suna yanka suna rawar ɗari. Wasu cikinsu ya kumbura, idonsu ya yi fari. Aka binne mutum biyu a bayan bukkoki. Hajara ma ta kwanta. Malam Garba ya same ni a gindin tanka ya ce, "Ƙanena, mutanen ga suna mutuwa. A kai marasa lafiya asibiti, mu masu sauran ƙarfi mu yi nasu aikin."

Na ce mota ba ta da mai.

Ya dube ni ya daɗe. Ina jin a ranar ya gane. Washegari ba wanda ya ɗauki lauje. Suka zauna a inuwar bukkoki, Malam Garba a gaba, suka ce ba za su koma gona ba sai an kai marasa lafiya gari.

Na aika wa Haj Siddik. Ya zo da kansa da hantsi, bai ko sauko daga mota ba. Ya sauke gilashi ya ce, "Ka ji ƙarar can? Riɗina ne ke fashewa. Na riga na yi magana da mutanen Bur Sudan, su kuma sun yi magana da masu jirgi. Jirgi ba ya jiran mai zazzaɓi. Makullin ruwa yana wuyan wa?"

Na ce yana wuyana.

Ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya ɗaga gilashi ya tafi.

Bai ce in rufe ruwa ba. Ina so ku riƙe wannan. Manya ba sa furta irin wannan magana da bakinsu, sukan bar wa irina. Ni na rufe. Na zauna a saman tankar da masu gadi biyu, muna shan shayi a gaban ma'aikatan. Wanda bai san ranar wannan daji ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ƙasa takan tsage har ƙafa ta shige, iska kuma kamar daga bakin tanderu. Ranar farko suka daure. Rana ta biyu yara suka daina kuka, sai dai buɗe baki.

Da azahar Malam Garba ya taso da butarsa. Leɓensa ya farfashe. Ya tsaya a ƙasa ya ɗago kai ya ce, "Ba don ni ba. Matar ga tana ƙuna da zazzaɓi. Cika mini wannan kawai, don zumuncin kakarka."

Na sauko, na karɓi butar, na buɗe famfo na cika ta har baki. Duk kambon suna kallo. Ya miƙo hannu biyu. Sai na karkata ta a hankali, na tsiyayar da ruwan a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, har ya ƙare. Tsagar ƙasa ta shanye shi nan take. Na miƙa masa butar babu komai, na ce, "Malam, ruwa yana bakin lauje."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi yanzu. Ya sunkuya ya ɗauki laujensa ya nufi gona. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe famfo da yamma.

Daga ranar bai sake ce mini ƙanena ba. Yana yanka nasa layin, ya yanka na matarsa don kada a hana ta abinci. Kafin a gama kaka ya faɗi a tsakiyar gona, damin riɗi a hannunsa, bai sake tashi ba. Da aka zo aka gaya mini, na ce a ja shi gefe, a gama layin tukuna. Sai da rana ta yi sanyi na bari aka yi masa sutura. Ba likkafani, da buhun riɗi aka naɗe shi. Hajara ta rarrafo daga bukka ta zauna a bakin ramin. Ba ta yi kururuwa ba. Ni kawai take kallo, kamar mai haddace fuska.

Riɗin ya cika manyan motoci. A wannan karo Haj Siddik ya ce in raka kayan har Bur Sudan. Can na ga abin da ban taɓa gani ba. An zazzage namu an haɗa da na wasu, an tankaɗe, an zuba a sababbin buhuna masu rubutun da ban iya karantawa ba. Ma'aikata suna ta hawa da su cikin wani jirgi mai girman unguwa. Wani wakilin masu saye, mutum mai tsabta da fara'a, ya ɗebi riɗin a tafin hannu ya shinshina ya ce ya yi kyau ƙwarai. Ya ce a ƙasarsu da shi ake yin alawa da mai, yara suna sonsa. Ya tambayi danshinsa, ya tambayi tsakuwa, ya tambayi launi. Bai tambayi wanda ya yanka ba, mu ma ba mu faɗa ba. Na tsaya ina kallon tekun nan da Malam Garba ya sayar da masaƙarsa don ya haye, ban ji komai ba sai yunwa. Na je na ci kifi.

Abin da ban sani ba shi ne, ranar da aka kwashe mutanen zuwa bakin hanya, Hajara ba ta cikinsu. Ta sulale ta shige ciyawa. Wasu Fulani makiyaya masu gangarawa wajen Dindir suka tsince ta, suka yi jinyarta da nono har ta miƙe. Da ta warke ba ta nemi hanyar Makka ba, ba ta nemi hanyar gida ba. Sunan ƙauyenmu da sunan Baba ta riƙe. Ta yi ta bin garuruwan Hausawa tana daka da wanki tana tambaya, har ta iso.

Na dawo gida Babbar Salla da rago da turamen atamfa. Na yi sallama a zaure, ba a amsa ba. Na shiga tsakar gida, sai na ga wata mata ramammiya zaune a tabarma kusa da Inna. Ta ɗago kai. Igiyar ragon ta suɓuce daga hannuna.

Baba ya fito daga ɗaki. Ya tsufa a 'yan watannin nan fiye da yadda na bar shi. Ya ce, "Ka san wagga baiwar Allah?"



Hajara ta ce, "Baba, ka tambaye shi butar Malam."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Baba ya ce, "Uwata da ƙafa ta taka wagga hanya. Da ta gamu da irinka a tasha, da ban kai ga haihuwarka ba." Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ya ɗauko sandarsa da hularsa, ya kama ni a wuyan hannu kamar ƙaramin yaro. Na fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, da na so da na fizge. Ban iya ba. Haka ya ja ni ta tsakiyar gari, mutane suna fitowa daga gidaje suna kallo, Hajara tana biye, har ofishin bolis. Ya ce wa na kan tebur da Larabcinsa mai tsami, "Wannan ɗana ne. Ya kashe mutum. Ga matar mamacin."

A gaban alƙali a Madani na faɗi sunan Haj Siddik. Aka kira shi. Ya zo da farar jallabiya da lauyansa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ya san ni, ɗan kwangilar ma'aikata ne da yakan biya a dunƙule. Yadda nake samo su da yadda nake riƙe su, shi bai sani ba. Ya ce in da ya ji an hana Musulmi ruwa da shi zai fara kai ƙara. Masu gadin nan biyu suka rantse a kan haka. Ba wanda ya ji ya ba ni umarni, domin bai bayar ba. Ya fita ya shiga motarsa. Ni aka yanke wa shekaru masu yawa. Daga baya na ji kaka ta gaba ma riɗinsa bai fashe a gona ba. Ya sami wani yaron mai Hausa a baki.

Ba zan ba ku labarin kurkuku da yawa ba. Akwai duka, akwai ƙwarƙwata, akwai aikin fasa dutse. Duk wannan jiki ne, yakan saba. Abin da bai saba ba shi ne alwala. Duk lokacin da na karkata buta na ji ruwa yana zuba a ƙasa, sai in ga Malam Garba a gabana. Na daɗe ba na salla saboda haka. Wani tsohon ɗaurarre ne ya ce mini gudun ba zai kai ni ko'ina ba, in tsaya in ji abin da ya kamata in ji. Na koma salla, ina yi ina kuka, har sauran suka ɗauka na taɓu.

Baba bai taɓa zuwa ba. Ina ciki ya rasu. Wanda ya kawo mini labari ya ce har ya mutu bai sake zama a sahun gaba a masallaci ba, can baya yake raɓewa kusa da takalma. Ya kuma bar wasiyya a sayar da ɗakin jan bulon nan a haɗa da abin da mutanen gari suka tara, a kai Hajara Makka. An kai ta.

Da aka sake ni gashina ya fara fari. Na isa ƙauye na tarar Inna ta makance, kuma mai jan hannunta, mai dafa mata abinci, Hajara ce. Ta dawo daga Hajji ta ce ba ta da kowa a yamma, nan za ta zauna. Na durƙusa a gabansu na kasa ɗaga kai. Inna ta shafa fuskata ta ce na rame. Na juya ga Hajara na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Hajara ta ajiye rariyar da take tankaɗe da ita. Ta ce, "Abin da ka yi mini ni, na bar shi saboda tsohon da ya kai ka da hannunsa. Na Malam kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Kai da shi za ku tsaya." Ta tashi ta ci gaba da tankaɗenta.

Na koma kudu na nemi wurin kambon, ko in sami kabarin in gyara shi in yi masa addu'a a kai. Na yi ta yawo ban gane wurin ba. Bukkokin babu su, itatuwan an tumɓuke. Tarakta ta bi ta kan komai. Ko'ina na juya riɗi ne kore shar, yana fure har iyakar gani. Na tsaya a tsakiyar gonar na yi addu'ar ina fuskantar gabas, ban san ko a kansa nake tsaye ba.

Yanzu ina gyaran takalma a wata kasuwa inda ba a san ni sosai ba. Ban yi aure ba. Na tuba, kuma ina fata Allah Ya karɓa, amma ban san makomata da mutanen da na sauke a bakin hanya ba. Ko sunayensu ban riƙe ba, balle in neme su.

Ku samari, ku ji daga bakin wanda ya yi. Mai kuɗin da zai ce muku kowa haka yake yi, kaya in sun yi nisa ba mai tambaya, gaskiya yake faɗa muku, ba mai tambaya a nan. Shi kuma ba zai taɓa ƙazanta hannunsa ba, naku yake haya. Ran da abu ya ɓaci zai rantse bai san komai ba, kuma za a yarda da shi. Kada ku raina ƙaramin ha'inci, domin ba ya zama ƙarami. In kun ga an kama wani a kan laifinku kuka iya yin shiru, ku tsorata da kanku tun a ranar, ku je ku faɗa ko da za a yanka ku. Baƙon da ya amince da ku don kun yi masa magana da harshen uwarsa, amana ce Allah Ya ɗora muku, ku kai shi inda ya nufa ko ku bar shi ya tambayi wani.

Ku ci kaɗan ɗin da kuka san inda ya fito. Ni na ci mai yawa, ga shi na tsufa ina tsoron mutuwa, ba don zafinta ba, sai don akwai mai jirana a can.